Birnin Gwari Ta Tagar Mota

Akwai garuruwan da sunansu kan riga su isa kunnen mutane. In aka ce Kura sai a tuna da rini, in aka ce Argungu sai a tuna da kamun kifi, in aka ce Dawanau sai a tuna da hatsi. Birnin Gwari kuwa, a 'yan shekarun nan, ba a ambatonsa sai an biyo da lissafin rayuka. Ɗalibin da aka haifa a 2004, wanda yanzu yake jami'a, yana ɗan shekara 8 aka kai harin Dogon Dawa a watan Oktoban 2012, inda aka kashe mutum wajen 20 a lokacin sallar Asuba. Yana ɗan shekara 14 aka kashe sojoji 11 a yankin Doka a watan Maris na 2018, sannan a watan Mayun wannan shekarar aka far wa ƙauyen Gwaska aka kashe fiye da mutum 40. Tun da ya yi wayo, abin da rediyo ke gaya masa game da wannan ƙasa ke nan. Bai san cewa birni ne mai ganuwa da ya girmi Kaduna nesa ba kusa ba, bai kuma san cewa ɗaya daga cikin manyan gandayen dajin Tarayya na kwance a bayan garin ba.

Shi ya sa da ƙungiyar ɗaliban sashenmu ta kawo shawarar a yi ziyarar yini guda zuwa can a cikin hunturun bana, na goyi baya, aka kuma ɗora mini jagorancin tafiyar. Ɗalibai 41 suka rubuta suna. Muka ce kowa ya kawo takardar amincewar iyayensa. Takardu 17 suka dawo. Wani uba ya kira ni da dare, bayan mun gaisa ya ce, "Malam, tsakaninka da Allah, da 'yarka ce za ka sa ta a motar nan?" Na ce masa ni da kaina ina cikin motar. Ya ce, "Ban tambaye ka kanka ba, Malam." 'Yarsa ba ta zo ba, ni kuma ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Jagoranmu wani dattijo ne ɗan asalin masarautar, tsohon malamin firamare da ya haura shekara 70, wanda rikicin ya sa ya dawo Kaduna wajen 'ya'yansa. Ɗaliban suka laƙaba masa Baba Malam tun kafin mota ta tashi. Bai fara da tarihi ba, da sharuɗɗa ya fara. Ba za a bar Kaduna ba sai rana ta fito sosai. Ba ɗaukar hoto a shingen jami'an tsaro, ba kuma ɗaukar hoton kowa a kasuwa sai an nemi izininsa. Za a juyo da an idar da sallar Azahar an ci abinci. Na ƙarshe kuma, wanda ya fi nanatawa: kada wanda ya sauka daga kan kwalta, ko da kama ruwa ne, sai ya ce a sauka. A lokacin ɗaliban sun ɗauki wannan a matsayin tsananin tsofaffi. Ni kuwa daga baya na lura cewa duk abin da muka gani a yinin nan, wannan sharaɗi na ƙarshe ne ya yanka mana iyakarsa.

Daga Kaduna zuwa Birnin Gwari tafiyar kimanin kilomita 120 ce, wadda a hanya mai kyau ba za ta kai awa biyu ba. Mu ta ci mana fiye da awa uku, saboda akwai wuraren da direba kan tsaya ya zaɓi ramin da zai faɗa. Da barinmu Mando muka wuce ta kusa da Kwalejin Gandun Daji ta Afaka, inda aka sace ɗalibai 39 a daren 11 ga Maris, 2021. Wato matasan da ake koya wa kula da daji, su aka kora cikin daji da bakin bindiga, a gefen birnin da ke cike da barikokin soja. Babu wanda ya ce komai a motar. Wata ɗaliba dai ta gyara mayafinta ta ja labulen taga.

A Buruku Baba Malam ya sa aka tsaya, ya nuna mana gefen titi inda a shekarun tsanani motoci kan taru su yi jerin gwano, ana jiran rakiyar sojoji ko 'yan sa-kai kafin a shiga dajin. Ya ce wani lokaci a yini ana jira, wani lokaci a kwana. Mai motar da ya ƙosa ya yi gaba shi kaɗai, to sai dai addu'a. Ina sauraronsa sai na ga ashe abin da yake kwatantawa ayari ne sak, irin na kakanninmu fatake. Su ma ba sa shiga daji ɗaiɗai. Sai an taru a zango, madugu ya ƙirga mutane da jakuna, jagaba ya yi gaba yana duba hanya da mashaya, uban dawaki ya riƙe lissafin abin da za a biya sarakuna a kan hanya. Ana biyan kuɗin fito a gari ko a mashigin kogi domin a wuce lafiya. Bambancin kawai shi ne a wancan zamani wanda ke karɓar fito sarki ne sananne mai gari da ganuwa, wanda in aka yi wa ayari fashi a ƙasarsa mutuncinsa ne ya zube, kuma fatake na iya sauya hanya su bar kasuwarsa ta mutu. A namu zamanin, mai karɓar harajin shi ne ɗan fashin. Manoman wannan yanki sun yi shekaru suna biyan 'yan bindiga kafin su yi shuka, su sake biya kafin su yi girbi, kuma biyan bai taɓa zama lamunin cewa gobe ba za a ɗauke mutum daga kan kunyarsa ba.

Wannan kamanni bai zo a banza ba, domin Birnin Gwari tun asali garin hanya ne. Yana kan ɗaya daga cikin hanyoyin da fatake ke bi daga Kano da Zariya su nufi ƙasar Nufe da Busa, su haye Kwara su miƙe Gwanja sayen goro. Baturen nan ɗan Sikotland, Hugh Clapperton, ta nan ya bi a daminar 1826 lokacin da ya taso daga Badagiri ya ratsa Oyo da Busa da Nufe, ya sauka a Birnin Gwari, sannan ya bi ta Fatika zuwa Zariya da Kano. A Sakkwato ya rasu a 1827. A lokacin da ya wuce babu wani abu mai suna birnin Kaduna. Sai a 1917 ta zama hedikwatar Arewa. Da zamanin mota ya zo, garin bai rasa matsayinsa ba, domin a nan ne hanyar Kaduna ta haɗu da ta Funtuwa, suka zama ɗaya suka nufi Tegina da Kwantagora da Jabba har Legas. Duk tirelar shanu ko ta hatsi da ta taso daga Katsina ko Zamfara za ta kudu, nan ne mafi kusa a gare ta. Garin da ke ci daga hanya kuwa, in aka toshe hanyar, an toshe masa maƙogwaro.

Bayan Udawa muka iso Kuriga. Nan ne a ranar 7 ga Maris, 2024 aka kwashe yaran makaranta da safe ana tsaka da taron asembili, aka kora su daji, sai ranar 24 ga watan aka dawo da 137 daga cikin dajin Zamfara. Mun rage gudu amma ba mu tsaya ba. Baba Malam ya ce mutanen garin sun gaji da baƙi masu zuwa kallo, kuma yana da gaskiya. Na ga yara da allo a ƙarƙashin wata bishiya, da mai shayi yana fifita wuta, da awaki a kan titi, kamar kowane ƙauye.

Daga nan daji ya rufe mu hagu da dama. Duk wanda ya saba da sararin Kano ko Katsina, inda ido ke tafiya har ya gaji bai ci karo da komai ba sai kuka da gawo, zai ji wani abu a ƙirjinsa idan ya shiga wannan wuri. Bishiyar doka ce sarauniya a nan, tsaye reras kamar an jera, kuma a ƙarshen hunturu takan fitar da sabon ganye jajawur kafin ya koma kore, sai ka ga tudu guda kamar an yayyafa masa jan garura. A tsakaninta akwai maje da kawo da baushe da taura da kaɗanya, a bakin rafuka kuma tukurwa da gora. Ciyawa ta bushe ta yi fari, wasu wuraren an cinna mata wuta ta bar baƙin toka. Jefi-jefi sai wani dutse ya ɗago kai a bayan itatuwa, sumul kamar ƙoƙon da aka kife.

Yamma da arewa maso yammacin garin ne Gandun Dajin Kamuku yake. A 1936 aka keɓe shi a matsayin gandun daji na En'e, a 1999 kuma Gwamnatin Tarayya ta ɗaga shi zuwa gandun daji na ƙasa, mai faɗin murabba'in kilomita 1,121. Sunan ya samo asali daga al'ummar Kamuku, waɗanda su da Gbagyi ne tsofaffin mazauna wannan ƙasa. Littattafan da muke koyar da ɗalibai da su sun lissafa giwaye da gwanki da kanki da mazo da gada da mugun dawa da gwaggon biri da jan biri, da tsuntsaye fiye da iri 170, har da burtu da tuje. Sun ambaci magangarar ruwa ta Dogon Ruwa, da dutsen da ake kira Goron Dutse, da Tsaunin Rema. Na tambayi ɗaliban ko akwai wanda ya san mece ce rema. Mutum biyu kawai suka ɗaga hannu, ɗayan ma cewa ya yi tsuntsu ne. Baba Malam ya yi dariya har da tari, ya ce dabba ce 'yar ƙarama mai kama da zomo marar dogon kunne, mai zama a kogon dutse, kuma ya ce da hannunsa ya sha kai 'yan aji shida su ga dajin nan a bayan akori-kura, su yini su dawo ba abin da ke damunsa sai kada yaro ya taka maciji. "Dokta," in ji shi, "a da dabba muke tsoro a dajin nan. Dabbar ma ta gudu ta bar mana shi."

Abin da ya mayar da wannan ni'ima masifa yana nan a kan taswira ga duk mai son gani. Kamuku ba shi kaɗai yake ba. Ta arewa maso yamma yana manne da dajin Kuyambana na Zamfara, ta kudu yana kallon dazuzzukan Jihar Neja har zuwa Alawa, ta arewa kuma akwai hanyoyin da ke kaiwa ga dajin Rugu na Katsina. Mutum na iya tafiya a kan babur daga wannan jiha zuwa waccan bai hau kwalta ba, bai ga ɗan sanda ba, bai wuce ta gaban makaranta ko asibiti ba. Ƙaramar hukumar Birnin Gwari kaɗai ta haura murabba'in kilomita 6,000, ita ce mafi faɗi a Jihar Kaduna, alhali ƙidayar 2006 ta ba ta mutum wajen 250,000 ne kacal. Ƙasa mai yawa, hukuma kaɗan. Da satar shanu abin ya fara, kuma ya kamata a riƙa tunawa cewa Fulani makiyaya ne suka fara ɗanɗana kuɗarta, domin nasu garken aka fara korewa. Sai ramuwar gayya ta shigo tsakanin 'yan sa-kai da mutanen daji, aka riƙa hukunta ruga guda saboda laifin mutum ɗaya, aka riƙa ƙone ƙauye guda saboda ramuwar mutum ɗaya. Makamai suka yi arha bayan rushewar Libiya a 2011. A 2015 gwamnonin jihohin da ke kewaye da dajin suka haɗa kuɗi aka tura jami'an tsaro, aka ƙwato shanu masu yawa, ɓarayin kuma suka gane cewa satar mutum ta fi satar saniya sauƙi da riba. Daga baya 'yan Ansaru suka samu gindin zama a gabashin masarautar, wajen Damari da Kuyello, suna wa'azi suna raba takardu. A 2021 gwamnatin jiha ta katse layukan waya, ta hana hawa babur, ta rufe kasuwannin mako, ta hana saran itace, duk don a matse mutanen daji. Talakan gari ma ya matsu tare da su.

Sai zinare, wanda ake haƙa a wannan ƙasa tun zamanin Turawa a shekarun 1930. A 2016 gwamnan lokacin, Malam Nasiru El-Rufa'i, ya taɓa cewa zinaren da ke ƙarƙashin Birnin Gwari ya fi na Afirka ta Kudu yawa. Ko maganar ta yi daidai da awon masana ko ta zarce, abin da ido ke gani shi ne matasa masu jar ƙasa a jiki har gira, da ramuka a cikin daji, da kuma gaskiyar cewa duk inda ake haƙa babu hukuma, mai bindiga ne ke yanka rabo.

Mun shiga gari wajen ƙarfe sha ɗaya, ranar kasuwa. Mun tsaya a ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, Alhaji Zubairu Jibril Mai Gwari II, wanda a shekarun da mutane da yawa suka yi gum ya riƙa fitowa fili yana faɗin halin da talakawansa ke ciki. Ba mu nemi iso ba, don ba mu aiko da sanarwa ba, kuma ba a yi wa fada dirar mikiya. Daga nan muka wuce kara.

Wannan kasuwar shanu ta yi shekaru a rufe. A ƙarshen watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya zo da kansa ya buɗe ta, a ranar da aka gabatar da wasu daga cikin jagororin 'yan bindiga da suka ce sun ajiye faɗa, bayan sulhun da gwamnatin jiha ta ƙulla da su. Abin da muka tarar ya fi ƙarfin abin da na zata. Ƙura ta tashi sama, dillalai na ta tafa hannu da masu saye, ana loda bijimai a tirela, yaran mota na ihu, mata Fulani sun jera ƙore na nono da man shanu. Ta ɓangaren hatsi buhunan masara sun yi tsiri kamar dala. Ɗaliban da suka shigo gari a ɗarare, cikin minti ashirin sun watse suna cinikin zuma da gyaɗa.

Na zauna a rumfar wani mai sayar da hatsi, abokin Baba Malam, aka kawo mana ruwa. Na tambaye shi yadda yake ganin sulhun. Ya ce bana ya noma gonarsa ta nesa wadda ya yi shekara shida bai taka ba, har sai da ya sa aka sare bishiyoyin da suka tsiro a cikinta. Ya ce 'ya'yansa na kwana a gida ba a bayan gari ba. Sannan ya rage murya ya ce, "Amma Dokta, wanda ya karɓi kuɗin fansar ƙanena da hannunsa, ina ganinsa a kasuwar nan. Makon jiya ma mun gaisa." Na ce, to yaya zuciya? Ya ce, "Zuciya tana nan inda take. Amma ciki ma yana nan."

Na daɗe ina juya wannan magana. Akwai abokan aikina da ke yi wa duk wani sulhu da 'yan bindiga kallon miƙa wuya, kuma hujjarsu ba ta da rauni. An yi irinsa a Katsina a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari a 2016 da 2019, an yi a Zamfara a zamanin Gwamna Bello Matawalle a 2019, duka suka wargaje, har Masari ya fito ya ce ba zai sake ba. Sulhun da bai raba mutum da bindigarsa ba, bai kai kowa gaban alƙali ba, bai share wa gwauruwa da maraya hawaye ba, hutun rabin lokaci ne, kuma kowane ɓangare ya san haka. Sai dai kuma yana da sauƙi mutum ya yi wannan hukunci daga ofis mai sanyi a Kaduna ko Abuja, inda ba a taɓa tambayarsa harajin girbi ba. Mai hatsin nan bai ce an yi masa adalci ba. Cewa ya yi ya noma gonarsa. Ni a nawa ganin, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce me ake yi da wannan sarari da aka samu: makarantu nawa aka sake buɗewa a ƙauyukan da aka tashi, malamai nawa suka koma, yaran da aka haifa a daji suka girma ba su san komai ba sai bindiga wa ke koya musu karatu, burtalai da mashayar dabbobi wa ke shata su. In ba a cika wurin da hukuma ba, wanda ya cika shi jiya yana nan bai yi nisa ba.

Bayan Azahar aka zo maganar da tun a mota ɗaliban ke jira. Garin da muke ciki sabon gari ne, wanda ya bunƙasa a bakin titin mota. Birnin tarihin, wanda Clapperton ya sauka a cikinsa, shi ne Tsohuwar Birnin Gwari, can arewa maso gabas ta hanyar Funtuwa. Shi muka rubuta a takardar neman izini, shi ne dalilin tafiyar. Muka isa mararraba, direba ya tsaya yana jiran umarni. Baba Malam ya fito ya dubi rana, ya yi magana da wasu direbobi biyu da suka fito daga wajen, ya dawo ya ce ba za mu je ba.

Wani ɗalibi, shugaban ƙungiyar, ya ce cikin ladabi, "Baba, ai ga motoci nan suna ta shiga, kuma an ce an yi sulhu." Dattijon ya ce, "Ɗana, waɗannan 'yan gida ne, an san fuskarsu, an san abin da ke aljihunsu. Ku kuwa farar mota ce cike da 'ya'yan mutane. Zuwa ba wuya. Amma in mun je sai kun sauka, in kun sauka sai kun hau dutse, in kun hau dutse La'asar ta same mu a can. Ni na karɓi amanar mutum 17, kuma 17 zan mayar." Bai ƙara ba, ni ma ban sa baki ba, domin a ayari maganar jagaba ce ake bi.

A maimakon haka ya tara mu a inuwar wata ɗorawa a bakin titi, ya ɗauki kara ya zana birnin a ƙasa: ga duwatsu, ga inda ganuwa ta bi ta kewaye, ga kogin Mariga. Ni kuma na ƙara da abin da ke cikin littattafai. Kafin jihadi wannan yanki yana cikin ƙasashen kudu da ke bin Katsina, waɗanda ake kira Katsina Laka, yankin da marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya yi nazarinsa a littafinsa kan tarihin Katsina. Clapperton ya rubuta cewa ya tarar da birnin da ganuwarsa, kuma yana cikin garuruwan da suka yi tawaye bayan rasuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1817. A rabin ƙarshe na wannan ƙarni hare-haren Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim daga Kwantagora suka addabi ƙasashen Gbagyi da Kamuku, aka kwashe mutane bayi, ƙauyuka suka koma kan duwatsu, har sai da Turawa suka ci Kwantagora a 1901. Da aka tsara Lardin Zariya, ba a sa Birnin Gwari a ƙarƙashin Sarkin Zazzau ba. An bar ta da cin gashin kanta kamar Kagoro da Jaba da Marwa. Wata ɗaliba ta ce, "Ashe ke nan, Malam, satar mutane a dajin nan ba yau aka fara ba." Na ce haka ne, kuma ba yau aka fara daina ta ba, tsakanin Nagwamatse da Dogon Dawa an yi fiye da shekara ɗari ana kwana a waje lokacin zafi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a ƙarƙashin ɗorawar nan shi ne cewa taswirar da muke kallo a cikin ƙura take, kuma mai zana ta ya haura 70. Irinsa da suka san sunan kowace ƙofa da kowane dutse, suka san wace zuriya ce ta fito daga wace unguwa, rikicin ya warwatsa su a Kaduna da Zariya da Funtuwa da Minna, suna zaune a ɗakunan haya ba mai tambayarsu komai. Ganuwar ƙasa kuwa kowace damina tana cin rabonta. Ana lissafa asarar wannan fitina da rayuka da shanu da buhuna, kuma daidai ne a fara da su. Amma akwai shekaru fiye da goma da babu ɗalibin tarihi ko na ilimin ƙasa ko na tsirrai da ya iya shiga wannan yanki da littafin rubutu a hannu, kuma wannan giɓi ba ya fitowa a rahoton kowa.

Daji kan farfaɗo in an ba shi dama. A ƙasar Mozambik, yaƙin basasar 1977 zuwa 1992 ya cinye fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan dabbobin gandun dajin Gorongosa, sojojin ɓangarorin biyu suka ci nama suka sayar da haure. A 2008 gwamnatin ƙasar ta ƙulla yarjejeniyar shekara 20 da wata gidauniya, aka ɗauki masu gadin daji daga ƙauyukan da ke kewaye, aka haɗa aikin kare dabbobi da makarantu da asibitoci da noman kofi. Yau baƙi na biyan kuɗi su je kallo. Ba na cewa a kwafo wannan a manna wa Kamuku, domin can yaƙi ya ƙare ne da sa hannu a takarda, nan kuwa bindigogin suna rataye a inda suke. Abin ɗauka a ciki shi ne cewa sun fara da mutanen gefen daji kafin dabbobin cikinsa, kuma babu wanda ya san lungunan Kamuku kamar matasan da suka yi shekaru suna ɓuya a cikinsa.

Ƙarfe biyu da rabi muka juyo. Baba Malam ya ƙirga mu sau biyu kafin ya bar direba ya tayar da mota. A hanya ɗalibai uku suka koma kujerar baya kusa da shi da wayoyinsu, suna naɗar muryarsa yana lissafa unguwannin tsohon birni da sarautun fada, yana gyara musu in sun rubuta ba daidai ba. Sun yi da shi za su same shi a gida ranar Asabar, ya kuma yi alkawarin kiran wasu tsofaffi biyu da ke zaune a Rigasa. Muna ta wuce tireloli masu ɗauke da shanu da masara, da ƙananan motoci da aka ɗaure wa buhunan gawayi har sun rinjaya gefe guda, gawayin da daga dokar nan da muka yi ta yabo da safe aka ƙona shi. Mun wuce Buruku rana na shirin faɗuwa. A daidai wurin da a da ake jiran rakiya, wasu yara ne ke tallar rake da dafaffen ƙwai, direbanmu ya tsaya ya sayi rake na ɗari biyar.